Icom IC-7300 a gasar CQ World Wide: ra'ayin mai ƙaramar tasha

Duk mai son shiga gasar rediyon gajeren zango daga ɗakinsa, ba hasumiya ba babbar eriya, ina ba shi shawara ya duba Icom IC-7300, rediyon da ke aika magana kuma yana karɓa. Da ita na shiga gasar CQ World Wide ta murya, inda masu tashar rediyo ta sha'awa ke rige-rigen tuntuɓar juna a faɗin duniya, wadda ake yi a Asabar da Lahadin ƙarshen Oktoba, awa 48 cur. Eriyata kuwa waya ce na ɗaura daga bututun ƙarfe zuwa darbejiyar tsakar gida.

Wat 100 take fitarwa, daidai iyakar rukunin masu ƙaramin ƙarfi. Amma abin da ya sa na ƙaunace ta shi ne allonta. Da rana a kan zangon mita 15 sai ka ga tashoshin Turai sun jeru kamar rumfunan kasuwa, mai ƙarfi ya yi fes, mai rauni da ƙyar ake ganin zarensa. Ka taɓa da yatsa, ta kai ka wurin. Ga irinmu wannan babban abu ne, don mafi yawan lokaci mu ke bin tashoshi ɗaya bayan ɗaya, kuma ganin inda suke ya fi laluben su da kunne.

Akwai gatan da muke da shi a nan. Najeriya da Nijar suna yanki na 35 a taswirar gasar, kuma ana ninka maki ne da yawan yankuna da ƙasashen da mutum ya samu a kowane zango. Tashoshin da ke amsawa daga wannan yanki ba su da yawa, shi ya sa da sun ji 5N, wato farkon alamar kiran tashoshin Najeriya, sai su yi ca a kanka. A nan na ga amfanin kunnenta: na matse tacewar sauti, na ciro kira ɗaya daga cikin hayaniya, na ba shi 59 35, wato rahoton yadda nake jin sa da lambar yankina, na wuce. Kiran da nake maimaitawa kuma na naɗe shi a katin SD, maɓalli ɗaya nake dannawa, maƙogwaro ya huta. Kebul ɗin USB guda ya haɗa ta da N1MM Logger+, manhajar rubuta tashoshin da aka tuntuɓa, a kwamfuta.

Sai dai mai saye ya san abu biyu. Ramin eriya ɗaya ne, kuma na'urar daidaita eriya da ke cikinta ba ta gyara rashin dacewar eriya da ya wuce 3:1, don haka ka yanka wayarka daidai tun farko. Wuta ma tana so: bolt 13.8, kuma wajen magana takan ja har amfiya 21. Ni batir nake sa mata kai tsaye, na kashe inbatar gida, domin ƙarar da inbata ke zubawa a mita 40 tana binne tashoshi masu rauni.

Idan kuɗinka ya kai na wadda ta fi ta tsada, ni dai da IC-7300 zan tsaya, ragowar in sayi batir mai kyau da dogon bututun da zai ƙara ɗaga wayar sama.