Atari 2600 ko Famicom: amsa ga ɗan uwa mai neman tsohon gem

Ɗan uwa tsakanin biyun nan da ka tambaya, Famicom za ka ɗauka, kada ma ka tsaya dogon tunani.

Nintendo ne suka fitar da ita a Japan a watan Yulin 1983, fara da ja, hannuwanta biyu a maƙale suke da jikinta da waya ba a cirewa, na biyun har da ɗan makirfo. Sai 1985 ta shiga Amurka da sunan NES, a shekarar ne kuma Super Mario Bros ya fito. Ni tawa yayana ne ya bar min, wallahi har yau in na kunna sai na tuna mu shida a kan tabarma muna jiran a kawo wuta, in kaset ya ƙi kamawa a zare a hura masa iska a mayar, ga Duck Hunt, wasan harbin agwagwa da bindigar roba, da karen nan mai yi maka dariya in ka kuskure agwagwa. Yanzu 'ya'yana ke rigima a kan hannu ɗaya. Sai dai ka sani bindigar Duck Hunt ɗin ba ta aiki da flat screen, dole ka nemo tsohuwar talabijin mai ƙeya.

Atari kam ita ce babba a shekaru, tun 1977 ta fito, sanda ɗaya da maɓalli ja guda ɗaya, na taɓa saya don tarihi amma kwana biyu na ajiye ta saman durowa.

Abin da nake ji maka shi ne masu sayarwa. Yawancin abin da muka taso muna kira family gem a nan kwaikwayo ne, wani ya taɓa sayar min da irinta da rantsuwa wai orijina ce daga Japan, da kaset mai rubutun 999 in 1, ina zuwa gida na tarar wasanni ƙalilan ne ake ta maimaitawa da sauya suna. Ka sa a kunna a gabanka kafin ka biya. Ka duba bakin kaset ma, na Famicom fil 60 ne na NES 72, ba sa shiga juna sai da adafta. Kuma in ta Japan ce ta gaske cajarta ta wuta 100 ce, tamu 230, ka haɗa da taransifoma mai rage wuta kafin ka jona ta a soket.