Awarwaron maganaɗisu ko gashin ƙashi: wanne ke taimakon ciwon gwiwa?

A kasuwannin Katsina ana tallar awarwaro da ɗamarar gwiwa masu maganaɗisu, wai suna jan ƙarfen da ke cikin jini ya riƙa gudu sosai. Wannan ba haka ba ne. Ƙarfen jini ba ya manne wa maganaɗisu kamar ƙusa. Na'urar MRI, wadda ake ɗaukar hoton cikin jiki da ita a asibiti, tana da maganaɗisu mai ƙarfin tesla 1.5 zuwa 3 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), ta ninka awarwaro nesa ba kusa ba, kuma jini bai taɓa taruwa wuri guda a cikinta ba. Gwaje-gwajen da aka yi da awarwaro na gaske da na bogi ba su nuna bambancin kirki wajen rage ciwo ba. Mai na'urar daidaita bugun zuciya kuwa, ya nisanci maganaɗisu.

Gashin ƙashi, wato jinya ta hanyar motsa gaɓoɓi, yana cin lokaci, amma yana aiki, don yana ƙarfafa naman cinya da ke ɗauke wa gwiwa nauyi. Kwanta rigingine, miƙe ƙafa, ɗaga ta kamar taƙi guda, riƙe daƙiƙa 5, sau 10, safe da yamma. Rage kilo 1 na jiki yana sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku.

Gwiwa ta kumbura, ta yi zafi da zazzaɓi? A je asibiti ranar nan.