Razin da Pugachev: 'yan ƙauye ɗaya, tawaye biyu

Ɗan'uwa, ka tambaya wane tawaye ya fi girma a tarihin Kosakawan Rasha, na Stenka Razin ko na Yemelyan Pugachev, kuma me ya sa sunan Razin ya fi yawo a bakin mawaƙa. A ganina Pugachev ne ya fi girgiza gadon sarauta, nesa ba kusa ba. Maganar waƙa kuwa da dalilinta.

Kosakawa mayaƙan bakin iyaka ne, ma'abota doki da kwalekwale, masu zaɓen shugabansu da kansu. Al'adarsu a kogin Don ita ce duk wanda ya gudo wurinsu ba a mayar da shi. A 1649 aka yi dokar da ta ɗaure manoma a gonakin iyayen gidansu har abada, tamkar bayin gandu, aka kuma soke wa'adin neman wanda ya tsere. Sai Don ta cika da 'yan gudun hijira masu yunwa. A wannan yankin, a ƙauyen Zimoveyskaya, ake cewa an haifi mutanen biyu, da tazarar shekara ɗari da 'yan kai.

Razin da fashi ya fara, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Daga 1667 ya riƙa tare jirage a kogin Volga, ya shiga tekun Kasfiya ya washe garuruwan gaɓar Farisa, ya dawo da ganima da suna. A 1670 ne abin ya rikiɗe ya zama tawaye: ya ci Tsaritsyn, ya ci Astrakhan inda aka jefo gwamnan garin daga kan hasumiya, Saratov da Samara suka buɗe masa ƙofa. Bai ce da Sarki Aleksei yake faɗa ba. Cewa ya yi ya fito ne don ya raba sarki da mugayen fadawa. A Simbirsk aka karya lagonsa cikin Oktoban shekarar, kuma dattawan Kosakawa, mutanensa, su suka miƙa shi. An daddatsa shi a Mosko a watan Yuni na 1671.

Pugachev kuwa tsohon soja ne da ya gudu daga aiki, kuma ya shigo da dabarar da Razin bai yi ba. Razin ya baza labarin cewa ɗan sarki na cikin jiragensa, Pugachev kuwa cewa ya yi shi ne sarkin kansa, Bitrus na Uku da aka kashe a 1762, mijin Sarauniya Katarina. Ya ɗaga tuta a Satumban 1773 cikin Kosakawan kogin Yaik, daidai lokacin da sojan Rasha ke can suna gwabzawa da Daular Usmaniyya. Ya yi wa Orenburg ƙawanya kusan wata shida, ya ƙone yawancin birnin Kazan a Yulin 1774. Ya kafa majalisar yaƙi, yana fitar da takardun umarni irin na sarakuna, har da wadda ta 'yanta manoma ta kuma halatta musu jinin iyayen gidansu. Ma'aikatan masana'antun ƙarfe na tsaunukan Ural suka ba shi igwa. Sannan, abin da ba a cika faɗa ba, dubban mahayansa Musulmi ne, Bashkirawa da Tatarawa, waɗanda ya yi wa alkawarin ƙasarsu da ruwansu da addininsu. Ƙarshensa bai bambanta da na Razin ba: nasa ne suka ɗaure shi suka miƙa, aka kai shi Mosko, aka sare kansa a Janairun 1775.

Ka dubi abin da Katarina ta yi bayan haka, za ka gane girman firgicin. Ta sauya wa kogin Yaik suna zuwa Ural, ta sauya sunan ƙauyen da aka haifi Pugachev, ta sake tsarin mulkin larduna, kuma a shekarar ce aka rushe sansanin Kosakawan Zaporozhye a Yukren. Tawayen Razin bai jawo garambawul irin wannan ba.

To, waƙa fa? Razin da sunansa ya fito, da sunansa ya mutu, kuma rayuwarsa ta jirage da ganima da kyauta ga talaka irin wadda mawaƙi ke so ce. Coci ta tsine masa, talakawa suka ci gaba da rera shi. Waƙar da ta fi shahara a kansa, wadda Dmitri Sadovnikov ya rubuta baitocinta a 1883, tana ba da labarin yadda ya jefa wata gimbiyar Farisa cikin Volga don ya faranta wa mayaƙansa, kuma a kan wannan labarin aka gina fim ɗin Rasha na 1908. Ni kam wannan na ci mini rai: kisan baiwar Allah da aka kamo a yaƙi ya zama abin rerawa a wurin shagali.

Pugachev ta alƙalami ya dawo. Shahararren marubucin Rasha Pushkin ya je har Orenburg a 1833 yana tambayar tsofaffin da suka ga abin da idonsu, ya rubuta tarihin tawayen, sannan ya sa shi cikin labarinsa na 'yar kyaftin a 1836. Amma idan kana neman wanda jama'arsa suka riƙe a baki kamar yadda aka riƙe Razin, to ɗaya daga cikin kwamandojinsa ne, Salawat Yulayev, matashin Bashkire mawaƙi. An kama shi, aka yi masa bulala, aka tura shi aikin wahala a gaɓar tekun Baltik, inda ya rasu a 1800. Yau mutum-mutuminsa bisa doki na tsaye a birnin Ufa, yana fuskantar kogi, kuma babbar ƙungiyar wasan hoki ta birnin sunansa ta ci.