Jarka ko leda mai oksijin, wanne ya fi wajen ɗaukar kifi da rai?

Ɗan uwa da ka tambaya cewa za ka ɗauko 'ya'yan kifi daga wajen mai ƙyanƙyasa, wani ya ce ka zuba a jarka wani kuma ya ce sai dai leda, toh ai da ka faɗa mana wane kifi ne da kuma awa nawa za ka yi a hanya, don amsar tana nan ne.

In tarwaɗa ce jarka ta wadatar. Ita tarwaɗa Allah ya yi mata wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa za ka ga tana ta leƙowa saman ruwa, saboda haka a yanke saman jarkar iska ta riƙa shiga, kuma kar a cika ruwa maƙil. Matsalar jarka ita ce girgiza, mota na faɗawa rami ruwa na watsa su jikin bango suna gogar juna, yauƙin jikinsu na fita ya zama kumfa, kuma yauƙin nan shi ne garkuwarsu daga cuta. Amma dai kana iya tsayawa a hanya ka rage ruwan ka ƙara sabo, wanda a leda babu wannan damar.

Karfasa kuwa da ruwa kaɗai take numfashi, in ka tara su a jarka babu abin hura iska kafin ka ankara sun fara buɗe baki a sama. Nan leda ta fi nesa ba kusa ba, musamman a doguwar tafiya. Ruwa kashi 1 cikin 3, sauran kashi 2 oksijin daga silinda, a ninka leda biyu a ɗaure da roba, a sa a kwali don duhu na kwantar musu da hankali. Manyan tarwaɗa kam kar ma a gwada, ƙayarsu za ta huda ledar.

Akwai wani abu game da leda da mutane da yawa ba su sani ba. Iskar da kifin ke fitarwa tana taruwa a ciki ta sa ruwan ya yi ɗan tsami, tsamin nan ne ke danne gubar amoniya da ke fitowa daga jikinsu, kana buɗe ledar iskar ta fice gubar ta farka. Don haka ka ɗora ledar a ɗaure kan ruwan da za su zauna na minti 15 zuwa 20 zafinsu ya daidaita, kana buɗewa ka ɗan shigar da sabon ruwa ka sake su da wuri, ba wai ka buɗe ka tafi amsa waya ba.

Ni a ganina ma abin da ake yi kafin a loda ya fi zaɓin mazubi muhimmanci. A hana su abinci awa 24, manya har 48, don kifin da cikinsa ke cike zai yi amai da kashi a ruwan ya kuma ƙara jan oksijin. A sa gishiri kamar giram 3 zuwa 5 a kowace lita, saboda kifin ruwan daɗi in ya firgita gishirin jininsa na zurarewa cikin ruwa. A tashi da asuba ko da yamma, ruwa mai sanyi ya fi riƙe oksijin, amma banda jefa ƙanƙara a ciki kai tsaye.

Kuma kar ka ga sun iso da rai ka ce an gama, wahalar hanya tana karya garkuwar jiki, sau da yawa sai bayan kwana biyu uku mutuwar ke farawa. Ka bar su sai washegari kafin ka ba su abinci, shi ma kaɗan.