Sharhi kan shafin Basketball Reference: na gwada shi da wasannin ƙarshe na NBA na 2016

Duk wanda ya taɓa zama cikin masu musu a kan ƙwallon kwando ya san cewa da zarar an kammala jerin wasannin ƙarshe, kowa yakan fito da dalili guda ɗaya tak na nasara ko na faɗuwa, ya riƙe shi kamar shi kaɗai ya ga wasan. Wannan ne ya sa na zaɓi in auna amfanin shafin Basketball Reference, wanda ke tattara alƙaluman gasar NBA ta Amurka, da karawar da aka fi yin gardama a kanta, wato wadda Cleveland Cavaliers ta doke Golden State Warriors a 2016, bayan Warriors ta ci wasa uku cikin huɗun farko, a karawar da wadda ta fara cin wasa huɗu cikin bakwai ke ɗaukar kofi.

Shafin kyauta ne, sai dai akwai tallace-tallace, kuma da Turanci kawai yake. Kowace karawa tana da nata shafi mai ɗauke da sakamakon wasannin da jimillar abin da kowane ɗan wasa ya yi, daga nan mutum ya shiga wasa ɗaya-ɗaya. Fuskarsa ba ta da wani ado, jadawali ne bisa jadawali cike da gajerun haruffa, kuma wanda bai saba ba zai ɗan sha wahala kafin ya gane ma'anarsu, musamman a ƙaramin allon waya.

Abu na farko da shafin ya gyara mini shi ne zaton cewa ƙungiyoyin biyu sun yi ta kai ruwa rana a kowane wasa. Ba haka aka yi ba. Warriors ta ci wasa na biyu da 110 da 77, Cavaliers ta rama a na uku da 120 da 90, kuma a cikin wasanni shida na farko babu wanda tazarar makinsa ta gaza 11. Amma da na haɗa makin wasannin shida, sai na tarar kowace ƙungiya tana da 610 cif, abin da ke nuna cewa Warriors, ƙungiyar da ta kafa tarihin cin wasa 73 cikin 82 a kakar, ba ta fi abokiyar karawarta ƙarfi ba a waɗannan makonni biyu, ko da yake sakamakon farko ya sa mutane sun ɗauka haka.

Sai maganar da magoya bayan Warriors suka fi kafa hujja da ita, wato dakatar da Draymond Green daga wasa na biyar saboda tarin manyan laifuffuka, na ƙarshensu dukan da ya kai wa LeBron James na Cavaliers a wasa na huɗu. Gaskiya ne rashinsa ya yi illa, domin a daren LeBron da abokin wasansa Kyrie Irving kowannensu ya ci maki 41. Sai dai alƙaluman sun nuna cewa hujjar ba ta isa ba: Green ya dawo a wasa na shida, LeBron ya sake cin 41, a na bakwai kuwa Green ne ya fi kowa maki a filin da 32, duk da haka ƙungiyarsa ta sha kashi a gidanta da ke Oakland. Wanda ya bi jadawalin da natsuwa zai ga wasu ramukan Warriors da ba a cika ambata ba. Sunan Andrew Bogut, dogon da ke tsare bakin kwando, ya ɓace bayan raunin gwiwar da ya samu a wasa na biyar. Harrison Barnes ya yi jifa 32 a wasanni ukun ƙarshe, biyar kacal suka shiga. Stephen Curry, wanda ya riƙa cin maki 30.1 a kowane wasa a kakar har aka zaɓe shi gwarzo ba tare da hamayya ba, ya sauko zuwa 22.6, a wasan ƙarshe ma 17 ya samu daga jifa 19. A ɗaya ɓangaren, LeBron ya fi kowa a ƙungiyoyin biyu wajen maki, da cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando, da miƙa ƙwallon da aka ci, da ƙwace, da tare jifa.

Sashen da ya fi burge ni shi ne wanda ke jero abin da ya faru daƙiƙa bayan daƙiƙa. A nan ne mutum zai ga cewa a wasa na bakwai an yi kunnen doki 89 da 89 saura minti 4 da daƙiƙa 39 a tashi, kuma daga lokacin Warriors ba ta ƙara ko maki ɗaya ba, har Irving ya jefa mai maki uku saura daƙiƙa 53, aka tashi 93 da 89. Ina ganin wannan fari na kusan minti biyar ya fi bayyana faɗuwar fiye da kowane abin da ake yawan maimaitawa a bidiyo.

Iyakar shafin kuma a nan take. Tare jifan Andre Iguodala na Warriors da LeBron ya yi saura ƙasa da minti biyu, layi ɗaya ne kawai a rubuce, ba a ganin gudun da ya yi daga baya kafin ya riski ƙwallon a jikin allo. Haka kuma jadawali zai nuna cewa laifi shida ya fitar da Curry a wasa na shida, amma ba zai gaya maka cewa dabarar kocin Cavaliers Tyronn Lue ce a riƙa yin shinge, wato tare hanyar mai tsaro da jiki, har sai Curry ya zama shi ke tsare LeBron ko Irving, a gajiyar da shi, a jawo masa laifi ba. Aikin tsaro gaba ɗaya ba ya fitowa sosai a lissafi, don haka mai neman sanin yadda aka yi dole ya haɗa da kallon wasan.

Akwai wani sashe na biyan kuɗi mai suna Stathead don bincike mai zurfi, kamar kwatanta wannan karawa da duk waɗanda suka gabace ta. Marubucin wasanni ko mai sharhi a rediyo zai amfana da shi, amma duk abin da na kawo a sama daga sashen kyauta ake samunsa, kuma ga mai son fahimtar karawa ɗaya, wannan ya wadatar.