Ocrevus: shekara uku ana min ƙarin ruwansa saboda ciwon MS, ga yadda na same shi

Satin da ya wuce aka min zagaye na bakwai, kuma tun da daɗewa nake cewa zan zauna in rubuta wani abu a kan maganin nan saboda duk wanda ya ji ina da MS, wato multiple sclerosis, ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, tambayarsa ɗaya ce, wai shin yana da magani kuwa? Amsar tana da ɗan tsawo, shi ya sa yau na ce bari dai in yi ta gaba ɗaya in huta.

Ni 'yar Zariya ce, aikin maigida ne ya kawo mu Ingila. Tsakiyar 2021 na tashi da safe idona na hagu kamar an shafa masa man kaɗanya, komai dishi-dishi, in na juya idon kuma zafi. Na ɗauka gajiya ce da kallon waya. Bayan wata biyu ƙafata ta dama ta fara wani yam-yam kamar ƙiyashi na tafiya a ciki, in ina hawa bene sai in ji tana ja. Aka yi hoton MRI na kai da na baya, aka ɗebi ruwan laka da wata doguwar allura wadda har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi, sannan likitar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ta zaunar da mu ta ce multiple sclerosis ne. Wallahi ranar na fara jin sunan. Da na kira Mama a waya shiru ta yi, can ta ce "to ke 'yar nan ba jifa ba ne kuwa?" Rubutu da habbatus-sauda kam an aiko, na kuma sha, addu'a ba ta taɓa yin yawa ba, amma asibiti ban fasa ba.

Yadda na fahimci ciwon shi ne jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka kamar wayar lantarki suke, kowacce da robarta a lulluɓe, ita robar ana ce mata maiyalin. To garkuwar jikinka da ya kamata ta yi faɗa da cuta ita ce take rikicewa ta koma tana gwaguyar robar nan, duk inda ta gwaguya sai ya bar tabo, saƙo ya daina wucewa daidai. In tabon a jijiyar ido yake ido ne zai sha wahala, in a laka ne ƙafa ko mafitsara. Shi ya sa kowa da irin nasa. Wani likita a Faris mai suna Charcot ne ya bayyana shi tun 1868, yanzu mutum wajen miliyan 2.8 ke da shi a duniya, kuma mu mata mun ninka maza aƙalla sau biyu.

Abu ɗaya da na yaba wa likitata, kafin ta yanke hukunci sai da ta sa aka min gwajin jini na wata cuta mai kama da shi, NMO, wadda ta fi yawa a baƙar fata da mutanen Asiya. Ta ce dole a bambance su saboda wasu magungunan MS ɗin, irin su intafiron, ƙara tsananta waccan suke yi. Duk ɗan uwa baƙar fata da aka ce masa MS ne, don Allah ya tambaya ko an yi masa wannan gwajin.

To ga maganin. Ocrevus sunan kasuwa ne, ainihin sunansa ocrelizumab, kamfanin Roche ke yinsa, Amurka ta amince da shi a watan Maris na 2017. Aikinsa ya bi cikin jini yana neman wasu sojojin garkuwar jiki da ake kira ƙwayoyin B, waɗanda ke ɗauke da wata alama a jikinsu mai suna CD20, ya manne musu jiki ya kawar da su. Abun da ya ba ni sha'awa da na shiga karance-karance shi ne shekara da shekaru masu bincike wasu sojojin garkuwar daban, ƙwayoyin T, suke zargi, su aka sa wa ido, sai wani likita a San Faransisko, Stephen Hauser, da abokan aikinsa suka gwada rituximab, maganin da aka saba ba masu kansar jini, sakamakon ya fito a 2008 aka ga sababbin tabo sun ragu ƙwarai. Ashe ƙwayoyin B ɗin da aka raina su ne 'yan zuga, su ke tunzura na T. Daga nan aka shiga gwada wannan a kan masu MS. A manyan gwaje-gwajen da aka yi, OPERA na ɗaya da na biyu, ya rage tashin ciwon da kusan kashi 46 zuwa 47 cikin 100 in aka kwatanta da allurar intafiron, kuma shi ne magani na farko da aka amince da shi ga masu irin MS ɗin da ke ci gaba a hankali tun farko ba ya lafawa, ko da yake a nan tasirinsa bai kai haka ba, kashi 24 ne ya rage haɗarin ƙaruwar nakasa.

Kafin a fara sai an duba jininka ko kana da ciwon hanta nau'in B, saboda in yana kwance maganin zai iya tashinsa, kuma mu da muka taso a gida Najeriya wannan ba abun wasa ba ne, da yawanmu na ɗauke da shi ba su sani ba. Ni Alhamdulillah babu. Aka ce duk rigakafin da ban yi ba in yi shi tukuna. Zagayen farko raba shi ake biyu, miligiram 300 yau, 300 bayan sati biyu, daga nan kuma 600 duk wata shida shikenan. Wannan "duk wata shida" ɗin shi ya ja hankalina gaskiya, don ni da kaina na san ba zan iya shan ƙwaya kullum ba, ko fanadol mantawa nake.

Ranar ƙarin ruwa kam yini guda ne, kar ka sa wani abu a ranar. Ƙarfe takwas da rabi nake isa, a gwada hawan jini da zafin jiki, a sa kanula, a fara ba ka sitiroid miligiram 100 da maganin kaikayi don kar jiki ya yi bore, sai a jira kamar rabin awa sannan a rataya ledar. Da awa uku da rabi yake ɗauka, yanzu da suka ga jikina bai taɓa ƙi ba sun mayar da ni na awa biyu, in ya ƙare a ƙara riƙe ka awa ɗaya ana kallonka. Maganin kaikayin nan barci yake sa ni kamar an buga min guduma, sai kuma da daddare sitiroid ya rama, ido biyu har asuba ina goge-goge a kicin, ga yunwa kamar in cinye gidan. Maigida har ya saba, ranar yana dawowa da tsire daga wani shagon 'yan ƙasarmu. Nas-nas ɗin wajen kirki gare su, akwai wata 'yar Ghana da in ta ga jijiyata ta ɓuya sai ta kawo ruwan ɗumi in sa hannu, ba ta taɓa huda ni sau biyu ba.

Inda na ji haushi shi ne tsarin asibitin da nake zuwa, ba zan kama suna ba. Sau ɗaya suka ɗaga min rana da sati biyar wai babu kujera, kuma wasiƙar ba ta iso ba sai da na ɗauki hutu a wajen aiki na nemi mai riƙe min yara na je har can. Na yi kuka a fakin ɗin mota ranar, kuɗin fakin ɗin ma wani abu ne. Ka kira lambarsu kuma na'ura ce za ta yi ta maka kiɗa.

Sakamako fa? Hoton MRI uku aka min tun da na fara, babu sabon tabo ko ɗaya, ciwon bai sake tashi ba. Amma nan ne nake so mutane su gane, don har yanzu dangi na tambayata "kin warke ke nan?" A'a. Maganin nan mai gadi ne, yana hana ɓarawo sake shigowa, kayan da aka riga aka sace ba ya dawo da su. Ƙafata ta dama har gobe in na yi tafiya mai nisa sai ta fara ja, gajiyar nan ta MS da ba ta da alaƙa da aikin da ka yi tana nan, kuma zafi abokin gabata ne, da muka je gida a watan Afrilu ana tsakiyar bazara idon nan na hagu ya koma dishi-dishi na tsorata na ce shikenan ya dawo, ashe tsohon tabo ne zafi ke tsokana, ina yin wanka da ruwan sanyi na kwanta a ƙarƙashin fanka ya washe. Wata takwas na yi tsakanin alamar farko da fara magani, wani lokaci ina tunanin da an fara da wuri ƙila ƙafar nan da ba haka take ba.

Farashinsa na gaske ba a kuɗi kawai yake ba. Tun da an kwashe maka wani sashe na sojojinka, takardar maganin ma ta faɗa ƙarara cewa mura da ciwon ƙirji da na fata sun fi saurin kama mutum, rigakafi ba ya kama jiki sosai kamar na sauran mutane, kuma in an daɗe ana sha sinadaran kariya na cikin jini na iya yin ƙasa, shi ya sa ake auna su lokaci-lokaci. Akwai rigakafin da ma ba a yarda a yi maka ba kana kansa, irin na shawara, to mai shirin tafiya gida ko Umara ya yi magana da likitansa da wuri. Maganar haihuwa ma sai an zauna an tsara lokaci, ba a yinta kai tsaye, ni da ƙyar na iya buɗe baki na tambaya saboda kunya, likitar kuwa ko a jikinta.

Kuɗi kuma, hmm. Da ya fito a Amurka dala 65,000 aka sa masa a shekara. A nan asibitin gwamnati ke bayarwa, mu dai kuɗin lafiyar da muke biya tare da biza ne kawai. Kullum in ina zaune a kujerar nan sai in tuna da wata a Funtuwa ko Maraɗi mai irin alamomina, wadda ko MRI ɗin sai an sayar da gona, a yi ta yawo da ita daga mai ruƙiyya zuwa mai ganye har ta kwanta. Abun da ya ɗan sanyaya min rai shi ne rituximab ɗin nan, yayan Ocrevus, aiki kusan iri ɗaya suke yi, yana da araha sosai tun da kamfanoni da yawa na yinsa yanzu, a Suwidin ma shi suka fi ba masu MS duk da arzikinsu, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada, shi da cladribine da glatiramer. Wanda ke gida ya tambayi likitan jijiyoyi a asibitin koyarwa game da shi.

Na kasa haƙuri sai na faɗi wannan don ya tsaya min a rai. A Janairun 2022, daidai lokacin da nake jiran fara magani, masu bincike a Harvard ƙarƙashin Alberto Ascherio suka fitar da sakamakon bin diddigin sojojin Amurka sama da miliyan 10 na tsawon shekara 20. Cikin mutum 801 masu MS da aka duba jininsu, ɗaya tak ne bai kamu da ƙwayar cutar Epstein-Barr ba kafin ciwon ya fara, kuma kamuwa da ita ya ninka haɗarin sau 32. Ita wannan ƙwayar ta miyau ake ɗaukarta, kusan kashi 95 na manya suna da ita, yawancinmu tun muna yara, kuma a 1964 aka gano ta a Landan daga wani yanki na ƙarin kansa da aka ciro a jikin wani mara lafiya aka aiko daga Yuganda. A ina take ɓuya a jiki har ƙarshen rayuwa? Cikin ƙwayoyin B, waɗanda maganina ke sharewa. A shekarar dai wasu a Stanford suka nuna wani yanki na ƙwayar yana kama da wani sinadari na cikin ƙwaƙwalwa, sai garkuwa ta yi kuskure ta kai wa na gida hari tana zaton baƙo ne. Ba ita kaɗai ba ce tun da ba kowa ke kamuwa ba, akwai gado, akwai shan taba, ƙiba a ƙuruciya, da ƙarancin bitamin D, wanda ni nawa a ƙasa warwas aka same shi, baƙar fata ga hijabi ga ƙasar da rana sai ta ga dama take fitowa. Na karanta wa Mama wannan duka a waya, ta ce "to Allah Ya kyauta, amma dai ki ci gaba da shan rubutun."

In maki zan bayar, huɗu cikin biyar. Ɗayan na riƙe shi saboda tsada da kuma yinin da yake cinye min. Akwai Kesimpta na kamfanin Novartis, shi ma ƙwayoyin B yake bi, allura ce da mutum zai yi wa kansa a gida duk wata, wata da muke haɗuwa a ɗakin jira ta koma shi tana ta yabo, ni kam ba zan iya caka wa kaina allura ba ko da kuɗi. Tun 2024 kuma an fito da Ocrevus ɗin na allura a fatar ciki, minti goma kawai, shi ma duk wata shida, nas ɗina ta ce in ina so za a iya mayar da ni. Shekara biyu a jere zagayen Maris yana faɗo min cikin azumi, in aje in rama bayan Sallah, to na ce mata a sa sunana, zagayen Satumba zan gwada in gani.