Zaɓen sifirin ɗin kuloci ga mai dabbab a rairayin Sumama

Shekara bakwai ke nan ina kula da babura masu taya huɗu, waɗanda a nan Saudiyya kowa ke kira dabbab, a wani wurin haya da ke Sumama, arewa da birnin Riyad. Daga watan Nuwamba zuwa Maris, lokacin da sanyi ke fito da iyalai zuwa sahara, injinan nan ba sa hutawa daga la'asar har tsakar dare, kuma abin da ya fi cin kuɗinmu shi ne bel ɗin kuloci. 'Yan'uwa da dama daga Jidda da Makka sun tambaye ni wane sifirin ya kamata su saya domin dabbab ya daina nauyi a kan tudun rairayi, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da hannuna ya taɓa.

Kafin mutum ya fitar da riyal ɗaya, wajibi ne ya san irin kulocin da ke jikin abin hawansa. Polaris Sportsman da Can-Am Outlander suna aiki da bel da ke tsakanin kuloci biyu. Na gaba yana manne da inji, a cikinsa akwai sifirin da 'yan ƙarafa masu nauyi waɗanda juyin inji ke watsawa waje, su matse faifai biyu a kan bel. Na baya kuwa yana jikin giya, kuma sifirin ɗinsa ne ke riƙe bel da ƙarfi, ya kuma mayar da shi ƙaramar giya da zarar kaya sun yi wa inji nauyi. Idan aka ƙara wa sifirin ɗin gaba tauri, inji zai ƙara juyi kafin dabbab ya motsa. Idan na baya aka ƙara wa, bel zai rage zamewa, kuma injin ba zai shaƙe a tsakiyar tudu ba, sai dai gudun ƙarshe yakan ɗan ragu. Yamaha Grizzly da Suzuki KingQuad daban suke, domin kulocin da ke tayar da su yana cikin inji, a jiƙe cikin mai, saboda haka sifirin ɗin baya ne aka fi canja musu. Masu Yamaha Raptor 700 da Banshee kuwa, kulocinsu na hannu ne irin na babur, kuma sifirin mai tauri daga kamfanin Barnett ko EBC zai hana faifan zamewa amma zai gajiyar da yatsu. Iyakar abin da zan ce musu ke nan.

Zaɓi huɗu ne a gaban mai saye. Na farko shi ne sabon sifirin na wakala, wato wakilin kamfanin da ya ƙera dabbab ɗin, daidai da wanda kamfani ya sa tun asali, kuma yana da kyau ga wanda bai canja taya ba, ba ya kuma hawan manyan tuddai. Na biyu shi ne sifirin guda ɗaya mai tauri, wanda ba na ba da shawararsa sai ga wanda ya san lissafin abin. Na uku shi ne na tijari, wato na kasuwa marar suna, wanda zan dawo kansa. Na huɗu, wanda shi nake sa wa dukkan injinan da ke hannuna, shi ne cikakken kunshi daga kamfanin da sana'arsa ke nan, wato sifirin ɗin gaba da na baya da ƙarafan nauyin da aka auna su tare domin samfuri guda.

Dalilina shi ne sassan nan uku jan igiya suke yi da juna. Ƙarafan nauyi suna tura bel zuwa babbar giya, sifirin biyun suna ja da baya, kuma wurin da suka daidaita shi ne adadin juyin da inji zai tsaya a kai idan an danne totur gaba ɗaya. Wanda ya canja ɗaya kawai ya ɓata wannan daidaito, sai dai idan ya yi sa'a. Kamfanin EPI na jihar Minesota a Amurka yana raba kunshinsa gwargwadon ƙasar da za a taka: akwai na tuddan rairayi, akwai na laka, akwai na aikin yau da kullum, kuma kowanne an rubuta girman tayar da ya dace da shi. Wannan rabon ne ya sa na fi son su, domin mutumin da ba bakanike ba ma zai iya duba shekarar dabbab ɗinsa da girman tayarsa ya ɗauki abin da ya dace. Girman taya ba ƙaramin abu ba ne: wanda ya tashi daga inci 25 zuwa 27 ya ƙara wa kowane juyin taya tsawon kashi 8 cikin ɗari, kuma bel ne ke ɗaukar wannan nauyin. Da na sa kunshin rairayi a Sportsman ɗin da muka fi ba manya haya, bambancin da na fara ji a kunne ne. A da, idan ya kai rabin tudu sai muryar injin ta dusashe kamar mai mura, mahayi ya yi ta danna totur taya na nutsewa. Yanzu muryar tana tsayawa wuri guda har ya haye, kuma idan na ɗora tafin hannu a murfin bel bayan zagaye uku, zafin ba ya korar hannuna kamar da. Dalton na ƙasar Kanada ma kamfani ne nagari, kuma wasu kunshinsa suna da ƙarafan da ake iya ƙara musu nauyi ko a rage, abin da zai amfani mai zuwa Ɗa'if ko Abha, inda tsayin ƙasa ke rage wa inji ƙarfi da kusan kashi 3 cikin ɗari a kowace mita 300. Mu da ke Riyad ba mu cika buƙatar wannan ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. A shekarata ta biyu a wannan aiki na shiga wani shago a sana'iyya, wato unguwar garejoji da shagunan kayan gyara, mai shagon ya ɗauko mini sifirin ja a cikin leda mai tambarin wani sanannen kamfani, a kan rabin kuɗin da na sani. Na ce masa, "Alhaji, wannan asali ne kuwa?" Ya ce, "Haba ɗana, ai daga kwantena ɗaya suka fito da na wakala." Na saya na ɗaura. Kwana goma sha ɗaya bayan haka, wani magidanci da ɗansa a baya suka maƙale a cikin kwari tsakanin tuddai biyu bayan magariba, bel ya tsinke ya zama zare-zare, warin ƙonannen roba ya cika wurin, sai da muka jawo su da mota. Da na kwance kulocin na ajiye sifirin ɗin kusa da tsohon da na cire, sai na ga ya gajarce da kusan kaurin ɗan yatsa, jan fentin kuma ya ɓare kamar ɓawon albasa, tsatsa ta bayyana a ƙarƙashinsa. Ashe wani tsohon sifirin ne daga tashlihi, wato inda ake farfasa tsofaffin motoci a sayar da kayansu, aka fesa wa fenti.

Tun daga ranar ba na yarda da launi. Kowane kamfani yana da tsarin launinsa, ja na wannan ba ja na wancan ba ne, kuma duk mai sayarwar da ya ce maka "ja ya fi ƙarfi" ba tare da ya faɗi sunan kamfani da lambar kaya ba, ko dai bai sani ba ko yana so ya cuce ka. Sifirin na gaskiya yana da lamba, yana kuma da adadi biyu na ƙarfinsa, ɗaya a farkon matsa ɗaya a ƙarshenta. Ka nemi a buɗe kwalin a gabanka. Ka duba bakinsa biyu: ya kamata a ce an goge su sun kwanta daram, ta yadda idan ka tsayar da shi a kan teburi ba zai karkace ba. Ka kankare fentin da farce a wani lungu, ka ƙirga zagayen wayar, ka auna tsawonsa, ka rubuta a takarda domin ka sake aunawa bayan wata guda. Kunshi na gaskiya yana zuwa da takardar bayanin ɗaurawa mai ɗauke da samfurin abin hawa, na jabu kuwa sau da yawa leda ce kawai da sitika. Masu talla a intanet sukan sa hoton kwalin asali su aiko da wani abu daban, saboda haka kada ka biya sai an turo maka hoton kayan da kansa, lambar tana fitowa sarai. Haka ma bel, jabunsa ya fi na sifirin yawa a kasuwa, kuma a zafin bazarar Riyad da ke haura digiri 45 ba ya kai mako.

Game da ɗaurawa, kulocin gaba yana buƙatar abin zaro shi na musamman wanda ya dace da samfurin, kuma duk bakaniken da ya ɗauko guduma ka karɓe dabbab ɗinka. Sifirin ɗin baya a matse yake da ƙarfin da zai iya fasa fuska, don haka ba a kwance shi sai da abin matsa sifirin. A yi wa faifan alama da alƙalami kafin a raba su domin su koma yadda suke, a goge fuskarsu da tsumma mai tsabta, kada giris ko mai ya taɓa inda bel ke bi, a mayar da bel ta fuskar da yake juyawa a da, a kuma ɗaure noti da sifana mai awo gwargwadon abin da littafin abin hawan ya faɗa. Wanda dabbab ɗinsa ke cikin garanti ya tambayi wakala tukuna, domin canjin kuloci yana iya shafar garantin. Bayan an gama, a yi tafiyar farko a hankali a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, a saurari inji, sannan a buɗe murfin a duba ko akwai baƙar ƙurar roba kafin a nufi tudu.